Layin da Aƙilu Ya Kankare

Ana gab da magariba, awaki sun shigo, dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Aƙilu a Kafin Dafga. Na biyu ya fasa randa. Sai Bushra, 'yarsa mai shekara goma sha uku, ta yar da tsintsiya, ta zauna a ƙasa, ta ce da muryar tsoho, "Ina wurina?"



Littafin iyakokin gonaki na dagaci ya daɗe a gidansu. Da mahaifinsu zai rasu, ya tsallake Aƙilu ya miƙa wa ƙanensa Dalhatu. Shekara shida abin yana cinsa. Ko gaishe da Dalhatu aka yi a hanya, ji yake kamar shi aka zaga. Dokar littafin ɗaya ce: ba a gogewa. In za a gyara, a ja layi, mai gyaran ya sa sunansa da kwanan wata. Ranar da Dalhatu ya tafi kasuwar Rogo, Aƙilu ya sa reza ya kankare layi guda, don ya sa dagaci ya ce yaron bai iya riƙo ba. Ko karanta layin bai tsaya yi ba. Ashe cewa yake kada a taɓa tsamiyar bakin rafi. Da Ɗanmaliki mai gonar gefe ya nemi sare ta, aka duba, ba a ga hani ba, aka sare ta.

Kwana uku Bushra ba ci ba sha. Aka ɗauko Malam Zaharaddini daga Kurugu. Ya yi ta karatu har ta fara makyarkyata.

Malam ya tambayi aljanin, "Me kake nema a jikin yarinya?"

"Kakansu ya rubuta mini wuri. An kankare."

"Za a mayar, a dasa wata tsamiyar."

"A mayar. Wanda ya kankare ya sa sunansa a ƙasa, da hannunsa. In ba haka ba, ina nan."

Dalhatu ya ɗauki biro. "Malam, littafin a hannuna yake. Sunana zan sa."

Wannan ya fi komai ƙona ran Aƙilu: ko a ɗaukar laifi ma sai yaron nan ya riga shi. Ya dubi leɓen 'yarsa da ya tsattsage. Ya fizge biron, ya rubuta.

Bushra ta yi atishawa sau uku, ta ɓingire. Can ta buɗe ido ta ce, "Baba, ruwa."

Har yau sunan yana nan a shafi na arba'in. Shi ne kaɗai abin da Aƙilu ya taɓa rubutawa a littafin mahaifinsa.