Zafin da Na Ba Lantana

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wadda ta yi mini dariya.

Shekara talatin ina gasa gurasa a tanderu. Ƙanwata Lantana ce ke kai mini kasuwa, har sankara ta kama ta a nono. Muka shiga zaryar asibiti.

Wata likita, yarinya ce amma ta san aikinta, ta kama hannuna ta juya shi.

"Iya, kin ga yadda hannunki ya saba da wuta? In zafi ya taɓa tsoka, jiki yana fitar da wasu sinadarai, kamar masu gadi, su tallafe ta kada ta lalace. Su ne kuma kan ɗauki ɓurɓushin sankara su kai wa sojojin jiki, su ce ga mai ɓarnar."

"To ku tashe su mana."

"Ita ma sankarar tana da su, Iya. Da su take kare kanta. Har yanzu bincike ake yi."

Na ce, "Wato gida biyu suke yi wa aiki." Ba ta musa ba.

Ran wata Talata na bar Lantana a gadon asibiti, na nufi gida. Tsakar rana, ba a kira azahar ba. Na yanke ta bayan maƙera, hanyar da ba a bi a wannan lokaci. Na sani sarai. Tsoron ne ba ni da sauransa.

Wata mata na zaune a kan tudun toka. Ba takalmi. Ƙasar da ke ƙona ni ta cikin silifas, ita ta binne ƙafafunta a ciki har idon sawu. Ba ɗigon gumi a goshinta. Da ta buɗe baki sai tururi ya fito, irin na asubar sanyi.

"Mai gurasa. Ƙanwarki tana hucewa."

Ban yi sallama ba. Ita ma ba ta yi ba.

"Me kike so?" na ce.

"Zafin da kika tara shekara talatin. Ba ni, in kai mata."

"Zai warkar da ita?"

"Zai tashi masu gadi. Ban san na wa za su fara tashi ba, nata ko na ciwon."

Ni kuwa ban gaya wa kowa maganar likitar nan ba, sai ga ta a bakin matar.

Na miƙa hannu. Ta riƙe. Kamar na tsoma shi a randa. Na runtse ido. Da na buɗe, toka ce kawai, da ramuka biyu inda ƙafafunta suke.

Da yamma zazzaɓi ya rufe Lantana. Kwana uku. Likitoci suka yi ta fama, suka ci gaba da maganinsu. Ta tashi. Ta ƙara damina huɗu a duniya, har ta aurar da 'yarta, ke Hanne, uwarki ke nan. Maganin asibiti ne, ko matar nan ce, ko kwana ne bai ƙare ba, kada ku tambaye ni. Likitar ta ce zazzaɓi ba magani ba ne, kuma ban ƙaryata ta ba.

Ni dai na koma tanderu, na zura hannu, ban ji komai ba. Sai da maƙwabciyata ta ji ƙauri ta fizgo ni. Daga ranar na bar sana'a.

Ciwon Lantana ya dawo. Ran da za ta cika, ta ɗora tafina a goshinta.

"Yaya, jikina da zafi ko?"

Na ce eh. Ban sani ba.

Ni na yi mata wanka. Sai da na kira wata ta taɓa mini ruwan, ta gaya mini ko ya yi ɗumi.

Kada wadda ta bi bayan maƙera ita kaɗai da tsakar rana. Ba don matar za ta kama ku ba, ba ta kama kowa. Tambaya take yi. Ni kuma na san ko yau ta sake tambayata, zan sake miƙa hannu. Ku ma jinina ne. Shi ya sa nake hana ku.