Awa Uku Zuwa Bakin Teku

Dai Heping bai saba zuwa filin jirgi da kansa ba. Aikinsa zama ne a wani ƙaramin ofis a Tanggu, shi da wayoyi biyu da butar shayi, yana tsara wa fasinjoji yadda za su taso daga filin jirgin Beijing su iso tashar jiragen ruwa ta Tianjin, tafiyar awa uku in hanya ta yi kyau. Shekara biyar yana tura mutane yawon shaƙatawa a teku bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ranar nan dai direbansa ya kwanta zazzaɓi, dole ya ja mota ya tafi.

Fasinjar da ya je ɗauka ita ce ƙarshen fitowa, da akwati ɗaya da rigar sanyi mara kauri, irin ta mutanen kudu.

"Ke ce Tong Yulan?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Kullum ma," ta ce, ta yi ɗan murmushin da ya sa ya manta inda ya ajiye mota.

Nas ce a cikin jirgin ruwan, daga Kunming ta taso, za ta yi wata shida a kan ruwa. Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofar jirgi. Kafin su fita daga filin dusar ƙanƙara ta sauko, aka rufe babbar hanya.

"In ya tashi ba ni, aikin ya tafi ke nan," ta ce.

Heping ya juya bayan wata takarda ya zana mata: jirgin ƙasa zuwa cikin gari, a sauya, a kama mai gudu zuwa Binhai, sannan tasi. Ya miƙa mata, ya ga yadda ta ƙura wa takardar ido, sai ya karɓe abarsa ya ɗauki akwatin, suka tafi tare.

A jirgin ƙasa ta raba musu wainar fure da ta taho da ita daga gida. Suka isa saura minti ashirin. Kowa a tashar yana da mai ɗaga masa hannu. Da Yulan ta kai bakin ƙofa sai ta waiga ba tare da tsammanin komai ba, ta hango shi tsaye cikin sanyi, hannunsa a sama.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo.

"Mai Taswira, mun tsaya a tsibirin Jeju. Ka koma ka ɗauko motarka kuwa?"

"Na ɗauko, Fasinjata. Ki sayi rigar sanyi ta gaske, waccan ko kyanwa ba za ta ɗumama ba."

Haka suka ci gaba. A tsakiyar teku wayarta ba ta kamawa sosai, sai jirgi ya matso gaɓa saƙonninta su zubo gaba ɗaya, bakwai, takwas. Sauran kwanakin kuwa ya zauna ya yi ta duba waya, ya ci taliyarsa a kan teburin ofis. In jirgin ya dawo Tianjin sauke fasinjoji takan samu awa biyu, su zauna a wani shagon miya kusa da tasha, yawanci ma ba sa cinyewa.

Da ya faɗa wa mahaifiyarsa labarin Yulan, sai ta ajiye ƙullun da take murzawa.

"Ma'aikaciyar jirgi? Ranar da na haife ka babanka yana tsakiyar teku. Ranar da ya rasu ma yana can. Shekara goma sha tara ina zaune bakin tagar nan. Kai ma tagar kake so ka gada?"

"Mama, ba ki gan ta ba."

"Kai ma sau nawa ka gan ta?"

Ta haɗa shi cin abinci da Meifen, 'yar maƙwabta, malamar firamare. Ya je don kada ya ɓata mata rai, ya dawo ya rubuta wa Yulan komai, har da maganar taga.

Amsar gajeriya ce: "Na gode da ka faɗa min gaskiya."

Daga nan shiru. Watanninta shida suka cika, ta koma Kunming ba ta neme shi ya tsara mata hanya ba. Mako bakwai yana aika mutane bakin teku bibbiyu, sababbin aure da tsofaffi masu riƙe hannun juna, yana rubuta musu "a sauka lafiya".

Sai wata safiya buƙata ta shigo ofis: fasinja biyu, Tong Yulan da wani Pu Deming. Ya daɗe yana kallon sunan namijin. Sannan ya zaɓi mota mafi kyau, ya sa ruwa da bargo, ya ce wa direba ya huta, shi zai je. In dai rabuwa ce, gara ya gani da idonsa.

Ta fito tana riƙe da hannun wani tsoho mai sanda.

"Kawuna ne," ta ce. "Shi ya raine ni."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan ne? Na ɗauka dogo ne, yadda kika hana mu barci da labarinsa."

A mota, da Kawu ya fara gyangyaɗi, ta ce a hankali, "Ba fushi na yi ba, Heping. Tsoro na ji ko mahaifiyarka ta yi gaskiya. Sai da na tafi na yi tunani."

Ba tasha suka nufa ba, gidan su Heping suka wuce. Uwar ta karɓe su ba yabo ba fallasa, ta zuba shayi, ta dubi Yulan.

"Za ki bar teku?"

"Saura tafiya ɗaya, Gwaggo. Na riga na sa hannu, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Babansa ma kullum cewa yake wannan ce ta ƙarshe."

Yulan ta buɗe jaka ta fito da takardu biyu, ɗaya ta barin aikin jirgi mai ɗauke da ranar da za ta bari, ɗaya kuma ta wani asibiti a nan Tanggu da ya ɗauke ta daga bazara. Tsohuwar ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa. Ta cire tabarau. Ta tashi ta ɗebo wa Yulan abinci, ta ƙara mata a kan wanda ba ta cinye ba.

Wata shidan nan sun yi wa Heping tsawo, amma yanzu in saƙonni suka zubo, har uwar takan leƙo ta ce, "Ta ci abinci kuwa? Tambaye ta."

Da bazara aka ɗaura aure. Yulan, cikin jar riga, ta durƙusa ta miƙa kofi da hannu biyu.

"Mama, ga shayi."

Tsohuwar ta sha, hawaye na bin kumatunta, ta kamo hannayensu ta haɗa.

"Ku tsufa tare," ta ce. "Ku riƙa cin abinci a tebur ɗaya, ko da faɗa kuka yi."