Taurari Biyar a Ƙofar Firji

Mutumin ya shigo caji ofis yana jan ƙanin matarsa ta wuyan riga, yana kumfar baki.

"Ku rufe shi! Ya kusa kashe mini 'ya!"

Sufeto ba ya son mai ihu, balle da sassafe. Ya sa kofur ya raba su, sannan ya nemi bayani. 'Yar mutumin, Auta, tana da ciwon suga, allurarta kuma sai a firji take zama. Ƙanin matar mai haɗa sola ne, shi ya haɗa wa gidan wuta. An daɗe batir yana mutuwa kafin gari ya waye, allura ta lalace ba a sani ba, yarinya ta faɗi a sume. Yanzu tana asibiti.

"Batirin bola ya sa mana!" in ji uban.

"Yallaɓai, na gaya musu firji mai taurari biyar kawai batirin zai iya ɗauka," in ji mai sola. "Yawan taurarin, ƙarancin shan wutar."

"Ai mai biyar ɗin na saya, ɗan rainin hankali!"

Sufeto ya sa aka ajiye mai sola a bayan kanta, ya nufi gidan.

Uwar Auta ce ta buɗe masa, ta dawo ɗaukar kayan jinya, idanunta jawur. Firjin yana tsaye a falo, ƙato mai ƙofa biyu, yana gurnani babu hutu. Sufeto ya taɓa gefensa, ya ji zafi. A ƙofar ga takarda da taurari biyar reras.

Ya durƙusa ya karanta ƙananan rubutun. Girman da aka rubuta na ɗan ƙaramin firji ne, wannan kuwa zai haɗiye mutum a tsaye. Ya sa farce ya ɗaga gefen takardar. Warin gam ya daki hancinsa, a ƙasa kuma ga ragowar wata takardar da aka kankare.

"Wa ya sayo shi?"

"Baban Auta. Ni dai na ce sai na ga taurari biyar da idona, kuma na gani."

Sufeto ya wuce kantin da sunansa ke jikin kwalin firjin, mai kantin ya tare shi da fuska a murtuke.

"Ban san wannan firjin ba."

"Hatiminka ne a kwalin. In ka fi son ka tuna a bayan kanta, mota tana waje."

Nan take tunani ya dawo masa. Ya ja Sufeto zuwa lungun kanti, ya nuna wani ɗan firji da ƙofarsa take fayau, sai shatin inda takarda ta taɓa zama.

"Wannan na ce ya ɗauka, tunda sola gare shi. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da zai ajiye akwati a falonsa. Babban yake so, mai taurari biyu. Har ya ce in sauya masa takardar, na ce ba da ni ba. Bayan ya tafi na ga takardar ƙaramin nan ta yi ƙafa."

"Me ya hana ka kawo ƙara?"

"Wa zai je caji ofis a kan takarda?"

Ran Sufeto ya ɓaci sosai, don shi ma uba ne. Ya koma ofis, ya sa aka kira matar, aka fito da ƙaninta. Ya ajiye takardar da ya ɓaro daga firjin a gaban uban Auta.

"Karanta mini girman da aka rubuta nan."

"Ni ba injiniya ba ne. In da cuta, mai kanti ne ya cuce ni."

"Mai kanti yana waje. In shigo da shi ya maimaita abin da ka roƙe shi?"

Sai mutumin ya fashe.

"To, ni na manna! Ni da gidana, yaron nan ne zai tsara mini abin da zan saya? Na ɗauka taurarin ado ne na 'yan kasuwa!"

Matar ta miƙe a hankali.

"Kullum batir yana mutuwa, Baban Auta. Kullum ina tambayarka, kana zagin ƙanena. Ashe ka san dalili, ka yi shiru?"

Sufeto ya lissafa wa uban Auta laifinsa: sata, ƙarar ƙarya, da jefa ran yarinya cikin haɗari. Kofur ya ɗana masa ankwa.

A bakin ƙofa uban ya waiwayo, duk ihun ya bi iska.

"Auta fa? Ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo," in ji matar, ba ta ko dube shi ba. "Kai ta fara tambaya."

Kofur ya tasa ƙeyarsa.