Ranar da Injiniya Ta Fizge Waya

Rana ta yi ja, ana dab da kiran magariba, lokacin da sabar ɗin Injiniya ta ƙame.

Sabar wata babbar kwamfuta ce baƙa, mai nauyin buhun siminti, da ke zaune a ɗakin ajiya na bayan gida, tsakanin mataccen firji da tsoffin kujeru. A cikinta wasu ƙananan shaguna ke ajiye ayyukansu ta intanet, Injiniya kuma ita ce mai kula da ita. Da hannunta ta saka mata Linux, manhajar da ke tafiyar da ita, tun 'yarta Auta tana goye. Ba a kashe ta sai don gyara, in wuta ta ɗauke batir ya karɓa. Ɗakin kullum da ɗumi, kullum da duhu, fankar ciki tana gurnani ƙasa-ƙasa. Maigidan, wanda tela ne, yakan ce, "Ai wannan ita ce 'yar farinki. Mu da Auta 'yan riƙo ne."

Sana'ar tana da ladabinta. Ba a kashe sabar kamar fitila. Sai ka duba su wa ke ciki, ka rubuta sanarwa ta fito a allon kowa: za a kashe na'ura, kowa ya adana aikinsa ya fita. Ka jira. Ka tsayar da ayyukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kashe. Injiniya ba ta taɓa tsallake wannan ba, ko da ta duba ta ga babu kowa a ciki.

"Wa kike wa sallama kuma?" in ji Tela. "Gizo-gizo?"

"Hannu ne ya saba," takan ce. "Je ka ɗinkinka."

A wannan yammacin ta nemi shiga sabar daga ƙaramar kwamfutarta ta falo, shiru. Ta je ɗakin ta jona kibod, wato madannan rubutu, ta danna nan ta danna can, ko harafi bai fito ba. Wayarta kuwa sai ƙara take yi. Mai shagon magani ne, yana ihu wai mutane sun yi layi har bakin titi, ya kasa sayar da ko ƙwaya ɗaya. A gaban na'urar akwai wata 'yar fitila da ke nuna faifan ajiyar bayanai yana aiki, kuma tana kunne, ba ta ko ƙyaftawa. Injiniya ta gan ta. Ta san ma'anarta sarai, don ita ke koya wa wasu cewa muddin fitilar nan na ci, haƙuri ake yi. Amma ihun mutumin ya cika mata kunne. Ta sunkuya bayan na'urar, babu sanarwa, babu bisimilla, ta fizge wayar wuta.

Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. A cikin shirun da ya biyo baya ta ji wani abu kamar yaro ya ja numfashi bai sauke ba.

Da ta mayar da wayar, na'urar ta ƙi tashi. Allon ya tsaya baƙi, da fararen layuka masu cewa tsarin faifan ya lalace, sai an gyara da hannu. Tsaki kawai ta yi. Tana da kwafin komai a wata sabar ta haya, nan take ta mayar da shagunan can. Wannan kuwa, in ta samu sarari, za ta share faifan kakaf ta saka sabon Linux.

Tana rufe ƙofar ɗakin, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Tela ya fita da sanda yana zagin yaran maƙwabta. Bai ga kowa ba. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya yar da shi da sauri, don zafinsa kamar an ciro shi daga murhu.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana ta fara sunkuyawa sai jifa ta taso, ba daga waje ba, daga ɓangaren ɗakin ajiya. Gilashin tagogi ya ƙare. Wani dutse ya tsaga wa Tela gira yana alwala, jini ya cika butar. Allurai suka riƙa tashi daga keken ɗinkinsa, a same su a tsaitsaye cikin matashin da Injiniya ke kwanciya. In jifar ta lafa, sai wata murya ta namiji, mai kauri, ta soma kira daga bayan ƙofar nan, tana maimaita suna guda wanda harshen mutum ba zai iya juyawa ba. Kira ne irin na uban da ɗansa ya faɗa rijiya.

Injiniya mace ce mai taurin kai, ba ta yarda da matsalar da ba a gano tushenta ba. Ta ce tunda daga ɗakin nan abin ke fitowa, za ta share na'urar ta fitar da ita daga gidan. Ta ɗauko filas, ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai da take saka Linux da shi, ta nufi bayan gida da la'asar sakaliya.

Auta na tsaye a bakin ƙofar. Yarinya ce 'yar sakandare, siririya, mai tsoron ko kyankyaso. Ba ta cire kayan makaranta ba. Idanunta a buɗe suke, amma ba ita ke kallo ta cikinsu ba.

"Matsa mini, Auta."

Yarinyar ta cafke wuyan hannun uwarta ta murɗe, har Injiniya ta durƙusa a ƙasa. Tela ya rugo ya riƙe ta ta baya. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi ta maka da bango, ya zube bai ko yi ƙara ba. Sannan ta buɗe baki, muryar nan mai kauri ta fito.

"Share shi ki gani."

Daga nan ta faɗi ta shiga buga goshinta da siminti. Sai da maƙwabta suka shigo aka danne ta, aka ɗaure ta da ƙyallayen ɗinki, wani ya hau babur ya tafi ɗauko Malam, mai ruƙiyar unguwar.

Malam tsoho ne ramamme, ba ya gaggawa. Ya sallami maƙwabta, ya sa aka kwantar da Auta a tabarma a ƙofar ɗakin ajiya, ya zauna daidai kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida. Jikin yarinyar ya fara bankarewa har bayanta ya bar tabarma, ƙyallen da ke hannunta na dama ya tsinke.

"Ya isa, kai mai gemu! Kana ƙona ni!"

"Kai wane ne, me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

"Mazaunin ɗakin nan ne. Kafin ta iya tafiya muke nan." Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci uwarta. "Tambayi waccan abin da ta yi wa ɗana."

"Ban san ɗanka ba," in ji Injiniya. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Yana son ɗumin akwatin. A cikin faifan yake kwana, yana bin hanyoyin ciki yana wasa. Duk ran da za ki kashe, kina rubutawa: kowa ya fita. Muna karantawa. In kira shi, ya fito, mu jira ki gama. Shekara da shekaru ba ki taɓa saɓawa ba. Ran nan fa? Ran nan me ya hana ki?"

Muryar ba ta jira amsar Injiniya ba.

"Hanyoyin sun rushe a kansa. Yana ciki a kakkarye, ina jin kukansa, ba ni da ƙofar shiga. Yau kuma ta zo da abin sharewa."

"Gidanta ne, kayanta ne," in ji Malam. "Ba ta san da ku ba. Babu wanda ya ba ku izinin zama."

"Ita ta koya mana jiran sanarwa! Da ba ta saba mana ba, da ban bar shi ya shiga ba." Hannun Auta da ya kuɓuce ya tashi ya kama maƙogwaronta. "Ci gaba da karatunka. Ka ƙona ni, in tafi da wuyan nan."

Malam ya dakatar da karatu, ya dubi Injiniya. "Baiwar Allah, abin nan yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa, Malam. Akwai abin da ke bin faifan yana haɗa abin da ya rabu. Amma abin da ya kasa haɗawa, zubarwa yake yi." "A ƙa'ida sai na kwafi faifan gaba ɗaya tukuna, in na yi kuskure in koma."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba daɗin ji. "Ɗana ba ya kwafuwa. Kuma numfashinsa ba zai kai isha'i ba."

Nan aka shiga ciniki, ciniki mai muni. Aljanin ya ce rai da rai. Malam ya ce in yaron ya fito da rai, babu maganar rai. Aljanin ya ce to duk abin da ya ɓace a jikin ɗansa zai cire irinsa a jikin yarinyar. Malam ya ɗaga murya da karatu har hayaƙi ya fara fita daga hancin Auta, yatsun kuma suka ƙara nutsewa a wuyanta, fuskarta ta yi baƙi. Tela, da jini a ƙeya, ya rarrafo ya kama ƙafar Malam yana roƙo a tsaya. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa zai cire, amma ban da ido, ban da hankali, ban da harshe, kuma da yaron ya fito za su bar gidan har abada. Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce shi daga wuta.

"Iyakar abin da na iya karɓo miki ke nan," in ji Malam. "Saura yana hannunki."

Injiniya ta shiga ɗakin. Filas ɗin da ta kawo don sharewa, da shi ta tayar da na'urar, ba tare da ta taɓa faifan ba. Wannan karon ta yi bisimilla. Ta saki abin binciken a kan faifan.

Shi wannan abu tambaya yake yi. Ya samu guntun da ya rabu da uwarsa, ya tambaya: a haɗa? Ya samu wanda ya lalace, ya tambaya: a share? A ranakun lafiya Injiniya takan ba shi umarni tun farko ya amsa e ga komai, ta tafi ta dafa shayi. Yau kowace tambaya sai ta karanta ta. Ta farko ta fito: a haɗa? Ta danna e. A waje, gwiwar Auta ta yi ƙas, yarinyar ta ƙwalla ƙara da muryarta ta gaskiya.

"Umma!"

"Kada ki waiwayo," in ji Malam. "Yi aikinki."

A haɗa? E. Kafaɗa ta yi ƙara. A haɗa? E. Da aka zo kan na sharewa ta ce a'a, ta bar shi, ta bi ta wata hanya ta dawo da shi da hannu. Zufa na zuba cikin idonta, hannun da aka murɗe ya kumbura, da ɗayan take bugawa. Tambayoyin suka yi ta zuwa iri ɗaya, a haɗa, a haɗa, a haɗa, Auta na kiran Umma tana shaƙewa, aljanin na cewa yi sauri, ya daina motsi, yi sauri. Yatsanta ya kama kiɗan. E. E. E.

Sai da ya riga ya sauka idonta ya karanta layin. Wannan ba a haɗa ba ne. A share ne.

Ihun da ya tashi a tsakar gida ya girgiza kwanon rufi. Duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara. Tabarmar ta yi sama da yarinyar, Malam ya faɗa kanta da dukan ƙarfinsa na tsufa yana karatu da ƙaraji, yana cewa, "Ka rantse! Ka rantse!" Injiniya ba ta tashi ba. Ta cije leɓenta har ya fashe, ta karanta tambaya ta gaba harafi-harafi, da ta bayanta, har suka ƙare.

Ta zare filas ɗin ta sake kunna na'urar. Layuka suka gudu a allon, ta tashi lafiya lau. Wata siririyar iska mai zafi, mai warin ƙonanniyar waya, ta fito ta ramukan fanka, ta shafi ƙafar Injiniya ta wuce. Aka ji kukan ƙaramin yaro yana ratsa tsakar gida.

Muryar ta yi laushi, ta kira sunan nan sau ɗaya. Can ta ce, "Ya fito. Amma ba duka ba." Ba ta faɗi abin da ya ɓace a jikinsa ba.

"Fita ta inda ka shiga," in ji Malam.

Ƙafar Auta ta hagu ta yi karkarwa, ta miƙe, ta saki. Jifa ta tsaya. Daga nesa aka ji ladan yana kiran isha'i.

Suka kwance ta suna duba ta, uwa ta nan, uba ta can. Ido lafiya. Haƙora, kunnuwa, yatsun hannu da na ƙafa, komai yana nan. Tela ya fara hamdala yana kuka. Auta ta buɗe ido, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gane su.

"Umma, ruwa."

Injiniya ta kawo a kofi ta miƙa mata. Yarinyar ta sa hannun dama ta karɓa, kofin ya zame ya faɗi. Ta sake gwadawa. Yatsu huɗu suka naɗe, babban yatsan kuwa yana nan a sanƙare, babu rauni, babu kumburi, sanyi ƙalau kamar ba a jikinta yake ba.

"Umma, me ya samu hannuna?"

Malam na bakin ƙofa yana neman takalminsa. Tela ya buɗe baki zai ce faɗuwa ta yi, Injiniya ta ɗaga masa hannu.

"Ni ce," in ji ta. "Sha ruwan tukuna, zan gaya miki duka."

Ta sake cika kofin, ta tallafo kan 'yarta, ta riƙe mata shi a baki.