Rabon Masu Gyaran Lilo

Ranar Asabar mutanen layin suka fito gyaran filin wasan yara. Wasu na cire ciyawa, wasu na kwashe shara. Mai walda da abokan aikinsa uku kuwa suna can ƙarshen fili, suna fama da lilon da ya karye tun bara.

Baba ya ce shi zai ciyar da kowa. Tun da sassafe ya shafe naman sa da gishiri da barkono da tafarnuwa. Ya jera shi a kan waya a cikin wata gangar ƙarfe. Ya hura gawayi kaɗan a ƙasa, ya ɗora jiƙaƙƙen itace, ya rufe. Hayaƙi ya yi ta fita a hankali.

Baba yana da 'ya mai shekara goma, wadda yake kira Uwata. Ranar ta kasa zama wuri ɗaya.

"Baba, har yanzu bai dahu ba?"

"Uwata, wannan nama ba ya son gaggawa. Hayaƙi ke dafa shi, ba harshen wuta ba."

Sai da rana ta karkata Baba ya buɗe gangar. Naman ya yi laushi, har yana rabuwa da kansa. Baba ya yayyaga shi a babban kwano. Mama ta tsattsaga ƙananan burodi guda sittin, ta yanka albasa da kabeji. Aka kai komai kan tebur a bakin fili.

Baba ya miƙa wa Uwata babban cokali.

"Mu sittin ne," ya ce. "Kowane burodi cokali ɗaya na nama. Na auna, zai isa daidai. Zan iya bar miki wannan aiki?"

"Ka bar mini, Baba!"

Baba ya koma kashe wuta. Mama ta shiga gida ɗauko ruwan sanyi.

Da farko Uwata ta yi yadda aka ce. Can sai ga ƙawarta Doguwa ta iso gaban tebur.

"Haba ƙawata," Doguwa ta ce, "wannan ɗan naman ai ko haƙorina ba zai taɓa ba. Ƙara mini mana."

Uwata ta waiwaya. Babu mai kallonta. Ta zuba mata cokali uku.

Doguwa ta ruga ta faɗa wa sauran. Nan da nan ƙawaye suka kewaye tebur.

"Ni ma cika mini!"

"Kai, yau ke ce babba a layin nan!"

Uwata ta ji daɗi, kanta ya kumbura. Ta yi ta cika musu burodi har nama yana zubowa ta gefe. Kwanon babba ne, a ganinta ba zai ƙare ba.

Sai ta ji cokali ya ce ƙwas a gindin kwano.

Ta leƙa. Babu komai sai maiƙo. Ga sauran burodi huɗu a kan tire.

Daidai lokacin mai walda da abokan aikinsa suka taho. Rigunansu sun jiƙe da gumi. Mai walda yana da ƙuna a bayan hannu.

"'Yata, lilonku ya tashi," ya ce yana murmushi. "Ƙamshin nan kuwa tun safe yake jan hancina. Ina rabonmu?"

Uwata ta tsaya riƙe da cokali, tana kallon kwanon.

Mama ta dawo, ta ga kwano fayau. Ta duba ƙarƙashin tebur, sai ga Auta, ƙanin Uwata, yana lasar murfin kwanon. Bakinsa duk maiƙo.

"Auta! Kai ka cinye naman mutane?"

"Ba ni ba ne, Mama! Murfi kawai na lasa!"

"Kwaɗayinka ya yi yawa. Wuce gida, yau ba za ka hau lilo ba!"

Auta ya fashe da kuka. Uwata ta sunkuyar da kai. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mai walda ya ɗauki burodi ɗaya, ya zuba albasa da kabeji. "Ba komai, uwar gida," ya ce. "Yaro ne. Wannan ma abinci ne."

Suka zauna a kan benci, suna cin burodi babu nama. Ko ɗaya bai yi ƙorafi ba. Wannan ya fi duka zafi a wurin Uwata. Ga kukan Auta yana shiga kunnenta.

Ta ajiye cokali, ta je gaban Baba.

"Baba, ba Auta ba ne. Ni ce. Na cika wa ƙawayena. Wasu har cokali uku."

Baba bai yi tsawa ba.

"Naman da kika ƙara musu, na wa ne?"

"Na masu gyaran lilo."

"To, ba ni za ki ba haƙuri ba."

Ta fara da Auta. Ta share masa hawaye, ta ce ya yafe mata. Mama ta rungume shi, ta ce, "Ni ma na yi saurin yanke hukunci, ɗana."

Zuwa wurin benci shi ya fi wuya. Ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Kawu, ni na ba da rabonku. Kun gyara mana lilo, ni kuma na bar ku da albasa. Ku yi haƙuri."

Mai walda ya yi 'yar dariya. "Tashi, 'yata. Ƙarfe ma yana lanƙwashewa, mu miƙe shi. Amma gaskiya hancina bai yafe ba tukuna!"

Abokan aikinsa suka yi dariya. Ita dai Uwata kunya ba ta bar ta ta ɗaga kai ba. Ranar ko kusa da lilon ba ta je ba.

Da suka koma gida ta ce, "Baba, za mu iya sake yi musu?"

"Za mu iya. Amma ke za ki yi aikin."

Asabar ta zagayo. Uwata ta tashi da sassafe. Ita ta daka tafarnuwa, ita ta jiƙa itace. Ta zauna kusa da Baba tana lura da hayaƙi, har idanunta suka yi ja. Sai ranar ta san wahalar da ke cikin naman nan. Doguwa ma ta zo a kunyace, ta taya ta yanka kabeji.

Da yamma suka ɗauki tiren burodi cike da nama zuwa shagon mai walda. Auta na biye da su da kwalbar ruwa. Mai walda ya ajiye aikinsa, ya wanke hannu. Ya gatsa burodin, ya lumshe ido.

"Madalla!" ya ce. "Yanzu kam hancina ya yafe."

Wannan karon har da Uwata aka yi dariya.

A hanyar gida Baba ya tambaye ta, "Me kika koya?"

"Idan aka ba ni rabo, amana aka ba ni," ta ce. "Duk abin da na ƙara wa wani don son kai, daga bakin wani na cire shi. Kuma idan na yi laifi, ba zan bari a ɗora wa wani ba."

Baba ya dafa kanta. "Haka ne, Uwata. Allah ya yi miki albarka."