Binciken Kawu Sabo

"A mayar musu da goronsu!"

Muryar Baba ce daga zaure. Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Sailuba. Saura wata biyu bikinta da Muntasir, lauyan da ya yi karatu a jami'ar da ke unguwar Kongo.

Kawu Sabo aka tura binciken ango, yadda ake yi a Ƙofar Galadima. A masallacin su Muntasir an ce sahun farko yake. Maƙwabta sun ce ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Sai Suhail ɗan Kawun, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Sailuba, ya kawo nasa rahoton: Muntasir ne ya tsaya wa wata mata a kotu, wadda aka fasa wa kwalaben giya a Sabon Gari.

Sailuba ta kira Muntasir a waya.

"Masoyi, ka zo ka ce wa Baba kuskure ka yi... ka ce ka tuba!"

"Ban taɓa sha ba, Sailuba, haramun ce a kaina. Amma matar nan ba Musulma ba ce, a shagonta take, da lasisinta. Marayu uku take ciyarwa."

"Ni fa? Ni ba abin tausayi ba ce?"

"Ke ce rayuwata. Amma in na yi ƙarya don in same ki, wa kika aura?"

"Kalma ɗaya fa, Muntasir!"

Bai faɗe ta ba.

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan kukan ya koma haushi. Da Suhail ya fito neman aurenta ba wanda ya tilasta ta, da bakinta ta ce ta amince. Bincike kuwa? Haba, ɗan gida wa zai bincike shi!

Kwana tara da biki, bayan la'asar, ya shigo yana taunar kanumfari, idanunsa jajir. Kanumfarin bai iya rufe warin ba.

"Yaya Suhail... me ka sha?"

Ya yi dariya, ya zube a kan gadonta da takalminsa.

"A cikin ganuwa aka hana, amarya, ni kuwa ina da mota. Rufe mana ƙofa."

"Wallahi sai na gaya wa Baba!"

"Je ki. Ki ce masa ya turo Kawu Sabo."

Ta daɗe tsaye tana kallonsa.

Sannan ta je ta rufe ƙofar, kada maƙwabta su ji.