Tsakuwar da Iklima Ta Ciza

Tsakuwa ta goma na sauka a kan tire, sai sauran taran suka motsa. Suka gangaro da kansu, suka jeru, suka manne da juna da wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an datse kwaɗo. Inda ɗazu ake ganin tsakuwoyi a warwatse, yanzu sanda ce guda, shuɗiya, da ɗan ɗuminta. Ta mirgina ta tsallake layin da ke tsakiyar tiren, ta kwanta a gidan gomomi.

"Me ya rage a gidan ɗaiɗai?" Malama Sahura ta tambayi 'yan ajinta.

"Babu komai, Malama."

"To ina suka tafi?"

"Unguwa," in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

A Tudun Tama babu yaron da ke fara lissafi da biro. Da tsakuwar lissafi ake farawa. Wani Injiniya Mamuda ne ya ƙera ta. Girmanta kamar dunƙulen magi, a cikinta akwai maganaɗisu da wata 'yar ƙwaƙwalwar na'ura wadda abu ɗaya kawai ta iya: ta san 'yan'uwanta nawa ne a kusa da ita. Da sun cika goma, sai su haɗe su zama sanda. Sanda goma su zama allo. Allo goma su zama tubali, dubu ke nan. Yaro yakan ɗaga tubali ya ji nauyin dubu a hannunsa tun kafin ya iya rubuta ta. Kuma akwai wasu siraran bututun gilashi da suka bi bangon makarantu duka. Idan wani aji yana son ƙari, ta nan ake turo masa daga wata makaranta.

Duk ajin na dariya, banda Iklima. Ita ta kafa wa sandar ido, don tsakuwa ta gomar nan tata ce.

Shekararta shida. Makon da ta shigo makaranta ta ɗauka tsakuwar alewa ce, ta kai baki ta gantsara. Haƙorinta na gaba da ke girgiɗi ya fita, tsakuwar kuma ta tashi da tabo a kusurwa. Tun daga ranar take yawo da ita a cikin safa. Sahura ta sani, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yau da aka rasa cikon goma a tiren, sai malamar ta durƙusa kusa da Iklima ta ce a hankali, "Ara mana taki. Ana gama darasi zan ciro miki da hannuna."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ba a gama darasin ba. Fitilar da ke bakin bututu ta koma ja. Duk tirukan ajin suka ɗauki rawa. Sanduna da alluna suka wargaje suka koma tsakuwoyi, suka bi layi kamar tururuwa, suka haura bango suka shige bututu. Yara suka ruga taga. A waje, duk bututun unguwar sun cika da shuɗi, suna gudu suna sheƙi a rana, suna wata ƙara kamar ruwan sama a kan kwano.

Sahura ta san da zancen. An sanar cewa za a tattara tsofaffin tsakuwoyin gari a haɗa miliyan a Dandalin Ilimi, a narke su su zama dutse guda, abin tarihi, sannan a raba sababbi. Amma an ce sai bayan hutu.

Iklima ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya a gabanta, ta miƙo tafin hannu a buɗe.

Da aka tashi, Sahura ta kira mahaifiyar yarinyar ta nemi izinin tafiya da ita dandalin. Ita da Iklima suka hau jirgin igiya, wanda ke ratsa saman rufin gidaje. Sahura ba mai son shiga taro ba ce. Ko a ɗakin malamai, kusa da ƙofa take zama. Duk hanya tana jera maganar da za ta faɗa a zuciyarta, tana rushewa.

Suna sauka suka gan shi, miliyan ɗin nan a haɗe.

Yana tsaye a tsakiyar dandalin, ya fi dogon mutum tsawo, faɗinsa daidai da tsawonsa. Shuɗi ne, sumul, ba ka ganin mahaɗa sai ka matsa. Iska idan ta bi ta jikinsa sai ta fito da ɗumi. Mutane sun zagaye shi, amma babu mai ɗaga murya. Wani mai sayar da rake ya ajiye wuƙarsa yana kallo. Sahura ta yi shekaru tana rubuta wa yara ɗaya da sifili shida, ba ta taɓa tunanin abin yana da inuwa ba. Ga ta nan tsaye a cikin inuwarsa.

"Malama, tawa tana ciki?"

"Tana ciki."

Injiniya Mamuda na gefe, dattijo ne siriri mai furfura a gemu, yana duba wani ɗan allon sarrafawa da ke ɗaure a hannunsa. A sama, ma'aikata na sauke wata babbar hular ƙarfe da igiyoyi. Ita ce za ta rufe dutsen ta gasa shi.

Sahura ta yi sallama. Bai ji ba. Ta sake.

"Ranka ya daɗe, malama ce ni. An kwashe mana tsakuwa ana cikin darasi."

"Ayya, Malama, a yi haƙuri. Ni ne na kasa jira, na matso da ranar." Ya yi murmushi kamar yaro. "Kin gan shi kuwa? Tubali goma azara, azara goma bango, bango goma ga shi nan. Tun ina saurayi nake son in ga miliyan da idona. Sababbi na nan zuwa, sun fi waɗannan kyau."

"Guda ɗaya muke so a ciro."

"Guda ɗaya?" Ya zura hannu a aljihu ya fito da sabuwa fil, ya sunkuya. "Ungo, 'yata. Wannan har haske take yi."

Iklima ta maida hannuwanta baya. "Baba, ba ita ba ce. Tawa na cije ta."

"Kin ciji lissafi? Da daɗi?"

"Babu daɗi." Ta buɗe baki ta nuna masa giɓin.

Ya yi dariya, ya miƙe. "Malama, kin san abin da kike roƙo? Gidan ɗaiɗai babu kowa. Gidan gomomi babu kowa. Haka har sama. Idan za a cire ɗaya, sai an kwance shi tun daga kai."

"Na sani. Haka nake koya musu." Ta sunkuyar da kai. "Ni na karɓa daga hannunta. Na ce zan maido mata."

Ya dubi hular ƙarfen da ke lilo a sama, ya dubi dutsen. Sahura ta lura yatsunsa na motsi a gefen allon. Ba tausayi ne kawai ba. Shi ma yana son ya gani.

"Ban taɓa gwada wannan ba," ya ce a hankali. Ya ɗaga wa ma'aikatan hannu su dakata. Ya ce a ja da baya. Sannan ya rubuta: a cire ɗaya.

Da farko ba abin da ya faru. Sai ƙasa ta ɗan girgiza a ƙarƙashin takalmansu. Layukan haske suka tsaga dutsen daga sama har ƙasa, ya buɗe a hankali ya zama bango goma, kowanne na ja da baya, rana na shiga tsakaninsu. Tara suka tsaya cak. Na goman ya kwanta, ya rabu azara goma. Tara suka jeru, ta goman ta karye ta zama tubala. Haka abin ya yi ta saukowa, ƙarar na raguwa, daga rugugi zuwa ƙwanƙwasa, daga ƙwanƙwasa zuwa ƙas-ƙas. Tubali ya zama alluna, allo ya zama sanduna. Sanda ta ƙarshe ta watse. Tsakuwa tara suka tsaya a layi, guda ta gangaro ita kaɗai, ta ratsa dandalin, ta tsaya a gaban takalmin Injiniya.

Tara, tara, tara, tara, tara, tara, a shimfiɗe a ƙasa, daga bangon da ya fi mutum har zuwa abin da yaro zai haɗiye. Wata tsohuwa a cikin taron ta ce, "Ikon Allah," can ƙasa-ƙasa. Duk wannan girman ya buɗe cikinsa saboda ɗaya.

Injiniya ya ɗauka ya miƙa wa Iklima. Ta jujjuya ta, ta shafa kusurwoyin da babban yatsa.

"Ba ita ba ce."

"'Yata, na'ura ta ba ki ɗaya."

"Ta wani ce."

Ya juyo wajen Sahura. "Malama, ba su da suna, ba su da lamba. Da gangan na yi su haka. Idan wata ta bambanta da wata, ai lissafi ya ɓaci. Babu yadda zan ce wa na'urar nan ta nemo wata takamaimai. A wurinta duk abu guda ne."

Idon Sahura na kan bangon da ke kusa da ita. Fuskarsa ta ciki, wadda ɗazu take a rufe, ba sumul take ba. Ta matsa. Ga wata tsakuwa da ɗigon jan farce. Ga wata an zana mata ido biyu da baki. Wata an karce ta da ƙusa, wata da shatin lalle, wata an rubuta mata harafi a karkace. Ta ɗaga kai. Haka suke har sama, nan da can, kamar taurari.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "zo ka gani."

Ya zo. Ya bi bangon da hannu, ya shiga tsakanin na biyu da na uku, ya fito ta ɗaya gefen. Duk haka suke.

"Su wa suka yi wannan?"

"Yara. Kowa da tasa. Wasu a safa suke ɓoyewa, mafi yawa kuma a tire suke barinta."

"Tun yaushe?"

"Ni dai haka na tarar."

Shugaban ma'aikatan ya leƙo daga sama. "Injiniya, a mayar a haɗa? Wuta ta yi zafi fa."

Injiniya Mamuda ya dubi allon hannunsa. Taɓawa ɗaya, dutsen zai koma yadda yake, hular ta sauka, gobe manyan gari su zo su yanke zare. Ya dubi Iklima. Ta riga ta tsuguna gaban tsakuwoyi taran nan, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Kashe wutar," ya ce.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ya kwance allon daga hannunsa ya ajiye a ƙasa. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna dirshan kusa da yarinyar. Sahura ta zauna a ɗaya gefen. Ya jawo sanda guda, ya ɓalle ta da hannu, ya baza a tafinsa.

"A safiya ɗaya na tara miliyan, Malama," ya ce, bai ɗago ba. "Ban taɓa tunanin wani zai zo neman ɗaya ba."

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Jirgin igiya ya yi ta sauke yara da iyayensu, kowa na faɗin kamannin tasa. Aka yi ta ɓalle sanduna, waɗanda aka duba a tura su gefe su sake haɗewa. Can Injiniya ya tsinci wata mai tabo a kusurwa, ya miƙo da sauri. Ashe masu cizon ma suna da yawa. Tuni an tara su a cikin hular wani.

Iklima ta karɓa, ta ɗaga ta a rana, ta kara a bakinta. Ta girgiza kai.

"Wannan ba haƙorina ba ne, Baba."

Ya karɓa ya saka a hular. Bango tara na tsaye a bayansu, ko taɓa su ba a yi ba. Ya miƙa hannu ya jawo wata sandar.